BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ran 11 ga watan Agusta na 2024 aka rufe wasannin Olamfik a birnin Faris, kowa ya kama hanyar gida. Nijeriya ta tura 'yan wasa 88, Gwamnatin Tarayya kuwa ta ware Naira miliyan dubu 12 domin wannan tafiya da ta naƙasassu wadda ta biyo bayanta, amma da aka dawo babu zinariya, babu azurfa, ko tagulla ɗaya ba a gani ba. Ministan wasanni na lokacin ya fito ya ba jama'a haƙuri. Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, cikin makon nan, ya ji yadda aka dinga zagin yaran, wai ragwaye ne, wai yawon buɗe ido suka je. Yaran nan ba su cancanci zagi ba. Masu laifin suna nan cikin manyan riguna, kuma har yau ba wanda ya tuhume su yadda ya kamata.

Ga kaɗan daga cikin abin da ya faru. Favour Ofili ta cancanci shiga gudun mita 100, ta yi ta shiri, sai a Faris ta tarar ba a sa sunanta ba, hukumomin da abin ya shafa kuma suka shiga tura wa juna laifi. Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke wajen Jamusawa kafin ta shiga tseren cikin fili. Shekara uku kafin nan, a Tokiyo, 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma aka hana su shiga gasa, alhali ba a kama su da ƙwayar ƙara kuzari ba. Gwaje-gwaje uku da doka ta ce a yi musu kafin tafiya ne ba a cika ba, wannan kuwa aikin ofis ne. A 2016 'yan ƙwallo suka maƙale a Atlanta, ba su isa Brazil ba sai saura 'yan sa'o'i su kara da Japan. A Landan a 2012 hannu rabbana aka dawo. Wanda ya dubi wannan jeri ya ce tsautsayi ne, to, bai san tsautsayi ba, don tsautsayi ba ya zuwa duk bayan shekara huɗu kamar zaɓe.

Maganar dai guda ce. Lambar zinariya girbi ce, shukarta kuwa tun shekara takwas ko goma baya ake yi. Hukumomin wasanni na ƙasar nan bikin girbi suke so, ba sa son noma. Sai saura wata biyu ko uku a tafi sa'an nan a saki kuɗi, a buɗe sansani, a ɗinka riguna, a kira 'yan jarida a yi alkawari. Bahaushe tuni ya yanke hukunci a kan irin wannan shiri da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ATLANTA

Mai karatu ya tuna da 1996. A Atlanta Nijeriya ta ci zinariya biyu, ta ƙwallon ƙafa da ta Chioma Ajunwa wadda ta yi dogon tsalle na mita 7.12, ga azurfa ɗaya da tagulla uku. A jerin ƙasashe ta zo ta 32. Birtaniya, mai arziki da filaye da jami'o'i, zinariya ɗaya tak ta samu a tseren kwalekwale, ta zo ta 36, watau a ƙasan Nijeriya. Daga nan hanya ta rabu. A nan aka yi kaɗe-kaɗe, aka raba kyaututtuka, aka koma barci. Turawa kuwa kunya ta kama su. Daga 1997 suka ware wani kaso na kuɗin reta ta ƙasa domin 'yan wasa: a ba ɗan wasa abin da zai ci ya biya haya don ya tsaya ga horo kurum, a ɗauki masu koyarwa da likitoci da masana abinci da masana halayyar ɗan Adam aiki na dindindin, kowane irin wasa kuma a ba shi kasafin shekara huɗu, in bai kawo sakamako ba a rage masa. A 2012 suka ci zinariya 29, a 2016 suka zo na biyu a duniya. Inda suka samo kuɗin ba abin koyi ba ne ga Musulmi. Abin koyin shi ne kuɗin ya zo a kan kari, ya kuma isa hannun wanda ke gudu da wanda ke riƙe masa agogo.

Wani zai ce ai su masu kuɗi ne. To, a Faris ɗin nan Julien Alfred ta ci zinariyar mita 100 ta mata ga tsibirin Saint Lucia, wanda jama'arsa duka ba su kai na Agege ba. Letsile Tebogo na Botswana ya ci ta mita 200, mai koyar da shi kuwa ɗan ƙasarsu ne.

Wani kuma zai ce baiwa ce ta ƙare. Ita ma wannan magana ba ta tsayawa. Annette Echikunwoke tana cikin goman nan da aka hana wasa a Tokiyo. Ta koma sa rigar Amurka, ta ci musu azurfa a jifan guduma a Faris. Salwa Eid Naser, wadda ta ci wa Bahren azurfa a mita 400, a ƙasar nan aka haife ta. Kafin su Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a mita 100 a 2004, Gloria Alozie kuwa ta koma Sifen bayan ta ci wa Nijeriya azurfa a 2000. Ko Tobi Amusan 'yar Ijebu-Ode, wadda ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022, a wata jami'a ta Texas aka goge ta, a hannun wata mai koyarwa 'yar Jamaika. Iri yana nan, kuma mai kyau ne. Gonar wani yake tsirowa.

MAI KOYARWA

Mutane da yawa suna tsammani aikin koci shi ne ya tsaya bakin fili yana ihu. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta cikin aikinsa. Jikin ɗan Adam ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake wahalar da shi, sai a lokacin hutun da ya biyo baya, saboda haka mai koyarwa na gaske awo yake yi kamar mai ba da magani: yau nauyi kaza, gobe sassauci, jibi hutu. Ya kan raba shekara kashi-kashi, da lokacin gina jiki, da lokacin wasa kaifi, da lokacin gasa, da lokacin sakin jiki, don ɗan wasa ya kai ƙololuwarsa a makon da ake bukata, kada ya kai wata biyu kafin nan ko bayan an gama. Masanan Tarayyar Sobiyet sun rubuta wannan tsari tun cikin shekarun 1960. Ya kan riƙe littafi ga kowane yaro, ya san barcinsa da abincinsa da tsohon targaɗensa. Ta yaya za a yi wannan a sansanin mako shida? Abin da sansanin mako shida ke iya yi shi ne ya gajiyar da wanda ya zo da shirinsa, ya kuma ji wa wanda bai shirya ba ciwo.

Ƙasashen da suka yi suna, in an bi sawu, sai a tarar da wani malami guda da aka bari ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. A 1976 wani ɗan ƙasar Ailan mai suna Colm O'Connell ya sauka garin Iten a Kenya don koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Bai zo da sanin gudu ba, a nan ya koya, ya zauna. Daga hannunsa David Rudisha ya fito, wanda ya gudu mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91 a Landan a 2012. A ƙaramin garin Bekoji na Habasha, wani malamin makaranta, Sentayehu Eshetu, shi ya fara riƙe Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Jamaika, wadda mutanenta ba su kai miliyan uku ba, tun 1910 take gasar makarantun sakandare duk shekara, a 1980 kuma ta buɗe kwalejin horar da malaman wasanni, har ya zama makarantar ƙauye ma tana da wanda ya san aikin.

Nijeriya ma ta taɓa sanin wannan. Hogan Bassey, wanda ya ci kambun damben duniya a birnin Faris ɗin nan a 1957, da ya ajiye safar dambe gida ya dawo ya koyar da yara, lambobin Olamfik biyu na farko da ƙasar nan ta samu kuwa, na Nojeem Maiyegun a 1964 da Isaac Ikhouria a 1972, duk na dambe ne. Kofin Afirka na 1980 Otto Gloria ya ɗaga, amma ƙungiyar wani ɗan Yugoslabiya da ake kira Father Tiko ya shekara huɗu yana ginawa. Clemens Westerhof shekara biyar aka bar shi, daga 1989 zuwa 1994; ya faɗi, ya tashi, ya zaga garuruwa yana tsintar yara, sa'an nan ya kawo kofin Afirka ya kai ƙasar gasar duniya karo na farko.

To, a duba yadda ake yi wa na gida. Shuaibu Amodu sau biyu yana sama wa Nijeriya gurbin gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu ana sallamarsa kafin tafiya. Stephen Keshi ya ci kofin Afirka a 2013, ya yi watanni yana bin albashinsa. Su biyun cikin mako guda suka rasu a watan Yuni na 2016, sai ga waɗanda suka wahalar da su suna zuba yabo a jarida. In haka aka yi wa na sama, ina ga malamin da ke tara yara a filin firamare da usur ɗinsa da ƙwallo ɗaya? Shi ne tushen komai, shi ne kuma ba ya cikin kasafin kowa. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere tun cikin shekarun 1970 domin horar da irinsa, amma takardar shaida ba ta da amfani in babu aikin da za a ɗauki mai ita da albashin da zai riƙe iyali.

RAINON YARO

Sau biyar Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17: a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Babu ƙasar da ta kai ta. Amma ta manya, sau shida ta je, ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba. Ina yaran suke shiga? Wasu dai an gani, irin su Nwankwo Kanu da Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen, amma su ma a Turai aka ƙarasa renonsu. Sauran kuwa, akwai gaskiya mai ɗaci da kowa ya sani. A 1989 hukumar ƙwallon duniya ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa, ta kuma ƙwace mata karɓar baƙuncin gasar 1991. A 2016 na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu ta kayar da yara 26 daga sansani, Jamhuriyar Nijar kuma ta fitar da sauran.

Illar rage shekaru ta wuce abin kunya. Ƙato mai shekara 22 yana ture yaro mai 16 da ƙarfi kawai, saboda haka shi koci zai ɗauka, don kofi ake tambayarsa, ba wanda ke tambayarsa yaro nawa ya koyar. Yaron gaskiya sai a kore shi gida a daidai shekarun da hannu da ƙafa da ido suka fi karɓar koyo. Ƙaton kuwa ba a koya masa komai ba, don ƙarfinsa ya ishe shi. Ran da ya haɗu da tsaransa na gaske sai ya ɓace. An yi hasarar mutum biyu don gwangwani ɗaya.

Reno na gaske a hankali ake yinsa. Yaro ƙarami wasa iri-iri ya kamata ya yi, gudu da tsalle da kokawa da ƙwallo, kada a ɗaure shi ga abu guda tun da wuri. Lokacin da yake cikin saurin tsawo gwiwarsa da dugadugansa ba sa son nauyi, malamin da bai san wannan ba kuwa sai ya karya shi da sunan horo. Yarinya in ta balaga tana bukatar malama da abinci mai gina jini. Duk wannan makaranta ce muhallinsa. A da akwai gasar gidaje a kowace sakandare, da ta lardi, da ta jiha, an kuma fara bikin wasanni na ƙasa a 1973 don a tsinto yara. Gwamna Samuel Ogbemudia ya gina sansanin horo a Afuze, jiharsa ta jima tana mamaye wasannin ƙasar nan. Yau filayen makarantu da yawa sun zama shaguna da filoti, makarantun kuɗi kuma a gidan haya suke, ko wurin yin sahu babu. Maroko ta gina makarantar ƙwallo kusa da Rabat, ta haƙura fiye da shekara goma, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2022.

ZUCIYA

Saura babban al'amari, wanda da an ambace shi sai manya su yi murmushi, wai ɗan wasa ba mahaukaci ba ne da za a kai masa likitan ƙwaƙwalwa. Wannan jahilci ne, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin haka. Duk wanda ya taɓa shiga gidan dambe, a Ikko ne ko a Kano, ya ga ɗan dambe zaune jikinsa sanyi, sai kalangu ya kira takensa, maroƙi ya ambaci ubangidansa da waɗanda ya kashe, sai ka ga mutum ya miƙe tsuma na kaɗa shi, ya zama wani daban. Damtsen nan dai shi ne na ɗazu. Abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ke nan. Kuma kowane tsohon ɗan dambe ya san kishiyar wannan: wanda tsuma ta yi wa yawa shi ke kai naushi a iska ya buɗe haƙarƙari. Ilmin halayyar ɗan wasa, wanda aka buɗe ɗakin bincikensa na farko a Amurka tun 1925, a kan wannan ma'auni yake aiki: yadda za a ɗaga zuciyar da ta kwanta, a kwantar da wadda ta tashi fiye da kima. Ana koya wa ɗan wasa sarrafa numfashi, da bin tsari guda kafin kowane bugu, da ganin wasan a zuci tun kafin a shiga, da mayar da hankali ga abin da ke hannunsa ya bar ihun 'yan kallo. Koyo ne da maimaici, kamar kowace sana'a.

Tarihin ƙwallon ƙasar nan cike yake da shaida ta kowane ɓangare. A Dammam ta Saudiyya a 1989 Sobiyet ta ci matasan Nijeriya huɗu da nema, saura rabin sa'a suka farke duka, suka yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A Atlanta Brazil tana gaba da ci uku da ɗaya, aka tashi huɗu da uku. Amma a 1994 Nijeriya tana gaban Italiya da ci ɗaya, an kori ɗan wasan Italiya guda, saura minti biyu hankali ya rabu, Roberto Baggio ya farke, ya ƙara a ƙarin lokaci. Abin takaici shi ne na farkon ana kiransa abin al'ajabi, na biyun ana kiransa ƙaddara, ba wanda ya zauna ya tambayi abin da ya gudana a zukatan yaran don a koya wa na baya. Ingila ta sha kashi a bugun fenariti a gasar duniya ta 1990 da 1998 da 2006. Daga bisani ta ɗauki masaniyar halayyar ɗan Adam, aka riƙa gwada bugun bayan an gaji, har tafiyar da ake yi daga tsakiyar fili aka tsara, a 2018 suka fitar da Kolombiya.

A gwada wannan da abin da ya faru a Rabat a watan Nuwamba na 2025. Saura kwana biyu a fara wasannin neman gurbin gasar duniya 'yan wasan Nijeriya suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus. Suka ci Gabon, suka faɗi a hannun Kwango a bugun fenariti, mai koyar da su kuma ya fito yana zargin abokan karawa da tsafi. Ga ciwon nan duka a wuri ɗaya. Ba wannan ne karo na farko ba. 'Yan ƙwallon mata sun ci kofin Afirka a 2016 suka ƙi barin masauki a Abuja sai an biya su. Mutumin da ya kwana yana lissafin bashi ba ya tashi da zuciyar bugun fenariti, ko da masana goma aka jera masa. Darasi na farko a ilmin zuciyar ɗan wasa, wanda ba ya bukatar digiri, shi ne a biya shi haƙƙinsa kafin ya tambaya.

Masu cewa addu'a ta isa, ba wanda ya hana addu'a, kuma ɗan wasa mai tawakkali ya fi samun natsuwa. Amma tun ana yara ake jin cewa Allah Ya ce tashi in taimake ka. Laya a damtse ba ta taɓa maye gurbin gudun asuba ba.

Kulawar nan kuma ba ta ƙarewa da busa usur. Simone Biles ta Amurka ta janye daga gasa a Tokiyo da ta ji hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare. Aka ba ta lokaci da masu duba ta, ta dawo Faris ta ci zinariya uku. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar duniya, ya ƙare kwanakinsa a Badun a keɓe da jama'a, ya rasu a 2012, sai bayan ransa aka tuna da shi.

LAIFIN GIDA

Kada 'yan Arewa su karanta wannan su ce Abuja ce kaɗai mai laifi. A dubi sunayen waɗanda suka ci wa ƙasar nan lambobin guje-guje da dambe da kokawa, a ƙirga na Arewa nawa ne a ciki. Alhali Kaduna ita kaɗai ta ba da Yekini da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, Jos ta ba da Ahmed Musa da Ismaila Mabo, wanda ya kai 'yan ƙwallon mata zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999, Manu Garba kuma ya ɗauko kofin matasa a 2013. Gwamnatocin jihohi suna zuba kuɗi a ƙungiyoyin ƙwallo, a sayo 'yan wasa, a kori koci in an faɗi wasa uku, amma makarantar reno ba ta cikin lissafi.

Iten tana da tudun mita 2,400, iskarta ce ke ƙara wa mai gudu jini. Allah Ya ba ƙasar nan tudun Jos da tsaunin Mambila, ga yaran da ke tafiyar mil da yawa a ƙasa kullum. Duk da haka tun da aka fara gudun yada-ƙanin-wani na Ikko a 2016, haifaffun Kenya da Habasha ke zuwa su kwashe kyautar farko. Kokawa kuwa gadon Arewa ce, amma lambar kokawa ta farko da Nijeriya ta ci a Olamfik, azurfar Blessing Oborududu a Tokiyo, daga Bayelsa ta fito, inda Daniel Igali, wanda ya ci wa Kanada zinariya a 2000, ya dawo gida ya shimfiɗa tabarmar horo ya zauna a kanta shekaru. Abin da aka yi a Yenagoa me ya hana a yi shi a Sakkwato ko Argungu?

Iyaye ma da nasu. A zango da Sabo har yanzu akwai uban da in ya ga ɗansa da takalmin ƙwallo sai ya ɗauko bulala, wai sana'ar 'yan iska ce. Tsoronsa yana da dalili, domin ya ga yaran da suka bar makaranta, wani ɗan damfara ya karɓe kuɗin iyayensu da sunan kai su Turai, suka dawo ba tsuntsu ba tarko. Maganin wannan shi ne wasa a cikin makaranta, a hannun malamin da aka sani, da sharaɗin wanda bai ci jarrabawa ba ba ya shiga fili. Osimhen ruwa ya sayar a titunan Ikko kafin ya zama gwarzon Afirka a 2023. Yaran Mile 12 da Alaba Rago titin nan suke bi. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mahauta da ke iya tara kuɗin gina masallaci da makaranta, ba za su kasa neman fili guda da biyan malami guda ba.

ABIN YI

Bayan faɗuwar 2012 an kira babban taro a Abuja, an yi jawabai. Bayan ta 2024 an rushe ma'aikatar wasanni an maido da hukumar wasanni ta ƙasa. Sauya allon ƙofa ba ya sa kowa gudu. Abin da ake bukata sananne ne. A yi kasafin wasanni na shekara huɗu, a saki kuɗin kashi-kashi tun shekarar farko. A riƙa biyan zaɓaɓɓun 'yan wasa kai tsaye duk wata, kada kuɗin ya bi ta hannun kowa. A ba masu koyarwa kwantaragi mai tsawo, a auna na matasa da yawan yaran da suka kai ƙungiyar manya. A ɗauki likita da masanin halayyar ɗan Adam su zauna da 'yan wasa duk shekara, kada a ɗauko su a filin jirgi. A zaɓi wasanni kaɗan da ƙasar ke da ƙarfi a kansu a tsaya musu. Masu ɗaga nauyi na naƙasassu, waɗanda suka sha kawo zinariya ba tare da an kula da su ba, sun isa misali. A hana lasisi ga makarantar da ba ta da filin wasa ko yarjejeniyar amfani da na maƙwabta. Jami'in da sakacinsa ya hana ɗan wasa shiga gasa a faɗi sunansa, a sallame shi. A kuma buga sunan duk wanda ya bi tawaga da kuɗin jama'a, da aikin da ya je yi.

Za a yi Olamfik a Los Angeles a 2028, a yi a Brisbane a 2032. Wanda zai tsaya wa Nijeriya a Brisbane yau yana aji ɗaya ko biyu na sakandare, ko yana tura baro a kasuwa. In ba a sa shi hannun malami bana ba, to, an riga an faɗi, sauran sai sayen tikiti. Saboda haka ran da wani mai babbar riga ya sake fitowa yana alkawarin zinariya, kada a tafa masa. A tambaye shi masu koyarwa nawa ya biya albashi a watan jiya, da filayen makaranta nawa ya ƙwato daga hannun masu shaguna. In ya kasa amsawa, a san cewa gorar nan har yanzu ba a fafe ta ba. Allah Ya sa masu kunne su ji.